Darasi: Haɗa Injin Ƙyanƙyasar Ƙwai a Gida

Manufofin darasi

Bayan wannan darasi ana sa ran mai koyo zai iya:

1. faɗin abin da kaza take yi wa ƙwai lokacin kwanci, da kayan da ke tsaya mata a cikin inji;
2. haɗa na'urar tsaron zafi da ampul da fanka a kan batir;
3. lissafa girman batir da farantin solar da injinsa yake bukata;
4. gane inda matsala take idan ƙwai bai ƙyanƙyashe yadda ake so ba.

1. Me ya kawo maganar inji?

Duk mai kiwon zabi a Matamaye da ƙauyukan Kance ya san halin zabuwa. Da damina ta faɗi za ta shiga zuba ƙwai har kaka, amma ba ta iya zaman kwanci ba. Shi ya sa mata suke kwashe ƙwanta su sa wa kaza. To, kazar gida ƙwai goma zuwa goma sha biyar take iya rufewa, kuma ba ranar da kuke so take yin kwanci ba, sai ranar da jikinta ya ba ta. Ragowar ƙwan sai a dafa a kai bakin tasha.

Inji yana ɗauke wannan jira. Abin ma ba sabo ba ne: mutanen Masar sun daɗe suna ƙyanƙyasar ƙwai a ɗakunan ƙasa da ake ɗumamawa da wuta, tun fiye da shekara 2,000. Abin da ya sauya a yau shi ne ƙananan kayan lantarki sun yi araha, har mai gyaran salula ko rediyo zai iya haɗa inji mai cin ƙwai 60 a kan teburinsa.

> Akwatin ma'ana
> Kwanci: zaman da kaza take yi a kan ƙwai har ya ƙyanƙyashe.
> Injin ƙyanƙyasa: akwati mai riƙe zafi da laima daidai da na ƙarƙashin kaza.
> Baragurbi: ƙwan da ya gama kwanakinsa bai fitar da tsako ba.

2. Aikin kaza guda huɗu

Kafin ku sayi waya ko ƙusa, ku tsaya ku kalli kaza mai kwanci. Tana ɗumama ƙwai da ƙirjinta. Jikinta da ƙasar gurbin suna hana shi bushewa. Tana jujjuya shi da baki sau da yawa a yini. Takan kuma tashi ta je ta ci ta sha, iska ta ratsa gurbin. Zafi, laima, juyi da iska ke nan, kuma duk abin da za mu haɗa, waɗannan huɗu yake kwaikwayo.

Kwanakin da ƙwai yake yi sun bambanta. Na kaza 21 ne. Na zabi 26 zuwa 28. Na talotalo 28. Agwagwar gida, mai jan nama a fuska, tata 35 ce.

3. Zafi

Nan ne inji yake yin kyau ko ya ɓaci, don haka za mu daɗe a kai.

A injin da ke da fanka a ciki, zafin da ake nema digiri 37.5 zuwa 37.8 ne. Rabin digiri ba ya kama da komai a ido, amma a tsawon sati uku yana sauya sakamako. Idan zafin ya ɗan gaza, tsaki sukan makara, su fito a rana ta 22 ko ta 23 da rauni. Idan ya ɗan wuce, sukan yi gaggawar fitowa da cibiya a buɗe. Idan kuwa ya haura 40 ya daɗe a can, ɗan da ke cikin ƙwai mutuwa yake yi. Ku riƙe wannan: ƙwai ya fi jure ɗan sanyi a kan zafin da ya wuce kima. Kaza ma ai takan bar gurbi ya ɗan huce ta dawo.

Na'urar da ta fi sauƙi ga mai koyo ita ce wadda ake kira W1209. Ƙaramin allo ne da bai cika tafin hannu ba, yana aiki da volt 12, yana nuna lamba, kuma yana da maɓalli uku. Ana nemansa wurin masu sayar da kayan lantarki a kasuwar Dole ta Damagaram, ko a yi saƙo daga Sabon Gari a Kano. Wata siririyar waya ce ke fita daga jikinsa, da ɗan kan ƙarfe a ƙarshenta. Wannan kan shi ke jin zafi.

> Akwatin ma'ana
> Na'urar tsaron zafi: allon da ke kunna ampul idan akwati ya huce, ya kashe idan zafi ya kai.
> Maji-zafi: ɗan kan ƙarfen da ke auna zafi ya sanar da allo.
> Rele: makunnin da ke jikin allo, wanda kuke jin ya yi "ƙas" idan ya kunna ko ya kashe.

Allon yana da bakin waya huɗu: +12V, GND, K0 da K1. Biyun farko su ne abincin allon daga batir. Wajen K0 da K1 ne masu koyo suka fi ruɗewa, domin sukan zaci wuta ce ke fitowa daga nan. Ba haka ba ne, makunni ne kawai. Ga yadda ake yi: ku ja gajeriyar waya daga +12V zuwa K1, ku ja wata daga K0 zuwa ƙafar ampul guda, sannan ɗayar ƙafar ta koma GND. Fanka kuwa ba ta bi ta rele. Ita kai tsaye take shan wuta daga batir, domin ba a so ta tsaya dare da rana.

Wajen saiti, ku danna SET ku kai lambar 37.7. Sai ku danne SET na ɗan lokaci har P0 ta fito, ku zaɓi H, wato ɗumamawa. Idan kuka bar ta a C, allon zai ɗauka firji kuke haɗawa, ya riƙa kunna ampul daidai lokacin da zafi ya yi yawa. A P1 ku sa 0.2 ko 0.3, wato tazarar da ke tsakanin kunnawa da kashewa. Daga nan ku zauna ku kalla, ku rubuta lambar da rele yake kunnawa da wadda yake kashewa.

Kada ku yarda da lambar allon haka kawai. Waɗannan na'urori masu araha sukan yi kuskuren rabin digiri ko fiye. Ku sayi ma'aunin zafin jiki a kantin magani, ku ajiye shi kusa da maji-zafi daidai tsayin saman ƙwai, ku gwada su. Ma'aunin asibiti an yi shi ne don zafin jikin mutum, wanda yake kusa da abin da muke nema, saboda haka shi ne alƙali. Idan an sami bambanci, a P4 ake gyarawa.

*Misali na 1.* Wata mata ta ga allonta yana nuna 37.7, ma'aunin asibiti kuma yana nuna 38.4. Allon ke nan yana rage 0.7. Sai ta shiga P4 ta ƙara 0.7. Da ba ta gwada ba, da ƙwanta ya yi sati uku a zafin da ya wuce kima, ita kuwa tana kallon lamba mai kyau.

Yanzu sai maganar da takardun da ke zuwa da injunan waje ba sa yi, domin an rubuta su ne don ƙasashen sanyi. A watan Afrilu da Mayu zafin rana a jihar Damagaram yakan haura digiri 40, cikin ɗakin kwano kuwa abin ya fi haka. Allon W1209 zai kashe ampul, amma ba shi da hanyar sanyaya akwati. Ga shi kuma a satin ƙarshe ƴan tsakin da ke cikin ƙwai su ma suna fitar da zafin jikinsu. Saboda haka wurin ajiye inji ɗakin ƙasa ne mai kaurin bango, nesa da taga, a ƙasa-ƙasa. A yayyafa wa daɓe ruwa da rana, a rataya jiƙaƙƙen buhun algarara a ƙofa. Shawarata ga mai farawa ita ce ya bar bazara ta wuce. Ya fara da damina, lokacin da gari ya yi sanyi ƙwan zabi kuma ya wadata.

4. Laima

Ƙwanson ƙwai yana da dubban ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan iska ke shiga, ta nan ruwan cikin ƙwai ke fita a hankali. Ana so ya rage nauyi da kamar kashi 12 cikin 100 kafin rana ta 18 ga ƙwan kaza, domin gurbin iskar da ke faffaɗan kan ƙwai ya girma. A wannan gurbi tsako yake fara numfashi kafin ya fasa ƙwanso.

Ga ƙwan kaza, daga rana ta 1 zuwa ta 18 a riƙe laima a kashi 50 zuwa 55. Kwana ukun ƙarshe a ɗaga ta zuwa 65 ko 70. Ana samun ta da farantin ruwa a ƙasan akwati. Abin lura shi ne faɗin fuskar ruwan ke ƙara laima, zurfinsa ba ya ƙara komai. Faranti biyu marasa zurfi sun fi kofi guda cike.

Lokacin hunturu iska takan bushe ƙwarai, sai kun ƙara faranti, wani lokaci har da soso a cikin ruwan. A watan Agusta kuwa iskar gari ma jiƙe take, mai yiwuwa ɗan ƙaramin faranti ya isa. Ku bi abin da ma'auni ya nuna, kada ku ce bara haka muka yi.

> Akwatin ma'ana
> Laima: yawan danshin da ke cikin iska, ana faɗinsa da kashi cikin 100.
> Ma'aunin laima: ƙaramar na'ura mai batir da ke nuna wannan lamba.

Shi ma ma'aunin laima ana iya gwada gaskiyarsa. Ku cika murfin kwalba da gishiri, ku ɗiga ruwa ya jiƙe ba tare da ya narke ba, ku rufe shi tare da ma'aunin a cikin leda ya kwana. Da safe ya kamata ya nuna 75. Idan 70 ya nuna, kun san kullum sai kun ƙara 5 a kan abin da ya faɗa.

5. Juyi da iska

Ana juya ƙwai don kada ɗan da ke ciki ya manne da ƙwanso. Da hannu, sau uku ko sau biyar a yini ya isa. Ana zaɓar lamba mara ne domin kada ƙwai ya riƙa kwana a gefe guda kullum. Ku yi alama da fensir, gefe ɗaya X, ɗayan O. Wanda ya fi wannan sauƙi shi ne a jera ƙwai a tire, tsinin yana ƙasa, a ɗora tiren a kan sandar da ta leƙo waje. Sai a karkata shi dama, in an jima hagu, ba tare da an buɗe akwati ba. Ana daina juyi a rana ta 18 ga ƙwan kaza, rana ta 25 ga na zabi.

Mai son injin ya juya da kansa zai ƙara ƙaramin moto mai tafiya a hankali, da allon ƙidayar lokaci mai tayar da shi duk bayan awa biyu, da makunni biyu da za su tsayar da tiren idan ya kai iyaka. Waɗanda suka yi nisa sukan haɗa komai a kan allon Arduino da maji-zafi irin DHT22, mai auna zafi da laima tare. Abin sha'awa ne, amma ban ga amfanin fara koyo da shi ba. Moton da ya maƙale cikin dare zai iya zubar da tire guda.

Iska ba ta da wahala: ƙananan huji huɗu zuwa shida masu faɗin fensir, wasu a ƙasa wasu a sama. A satin ƙarshe a buɗe su duka. Kada tsoron fitar zafi ya sa ku toshe su.

6. Akwati da wuta

Tsohuwar kula ko mataccen ƙaramin firji sun fi komai, domin an riga an yi su don riƙe zafi. In babu, kafinta ya buga akwatin katako mai bango biyu, a cusa farin soson da ake naɗe kayan lantarki a tsakani. A yanka taga a sa gilashi don leƙe. Ampul da fanka su zauna a sama, maji-zafi daidai tsayin ƙwai, inda hasken ampul ba ya dukansa kai tsaye. Ku sa ampul biyu, domin idan ɗaya ya mutu cikin dare ɗayan ya riƙe. Kada ampul ya taɓa soso, kuma ku sa fiyus kusa da batir.

Me ya sa muka zaɓi volt 12 alhali akwai wutar kamfanin lantarki na NIGELEC a gari? Na farko, akwai ruwa a cikin akwatin, akwai kuma yara a gida, wutar volt 220 kusa da ruwa haɗari ce. Na biyu, wutar wannan yanki tana da alaƙa da layin da ya taso daga Katsina ya bi ta Gazawa. A watan Agusta na 2023 Najeriya ta yanke wutar da take bai wa Nijar, ba ta maido ba sai a watan Maris na 2024. Ƙwan kaza kuwa kwana 21 yake so a jere ba yankewa. Mai wutar gari zai iya cajin batir da ita, amma injin ya zauna a kan batir.

*Misali na 2.* Wani mai gyaran salula ya sa ampul ɗin mota biyu, kowane wat 21. Jimla wat 42. Mu ɗauka rele yana kunna su rabin lokaci, wato wat 21 ke nan a tsakaice. Fanka da allo mu ba su wat 3. Jimla wat 24. A awa 24: 24 × 24 = wat-awa 576. Daga lokacin da rana ta yi sanyi zuwa hantsi mu ce awa 14: 24 × 14 = 336. Batir mai volt 12 da lamba 100Ah yana ɗauke da 12 × 100 = wat-awa 1,200, amma rabi kawai ake ci in ana so ya yi ƙarko, wato 600. Zai kai safiya ke nan har da saura. Farantin sola mai wat 200, idan ya sami awa 5 na rana mai ƙarfi, aka cire kashi 30 na asara: 200 × 5 × 0.7 = 700. Ya rufe 576. Mai wat 100 ba zai isa ba, balle ranar da hazo ya rufe gari. A sa na'urar daidaita caji tsakanin faranti da batir, a riƙa kuma goge ƙurar faranti.

Idan an gama haɗawa, a bar injin ya yi kwana biyu yana aiki babu ƙwai, ana duba zafi da asuba, da azahar, da tsakar dare.

7. Zaɓen ƙwai da haskawa

Inji ba ya sa rai a ƙwan da zakara bai taka uwarsa ba. Ƙwan kajin gona da ake sayarwa a kiret don suya ba ya ƙyanƙyashewa. Ku nemi ƙwai daga garken da ke da zakara ɗaya ga kaji takwas zuwa goma, wanda bai wuce kwana bakwai ba, mai tsabta, marar tsagewa. Kada a wanke shi. A ajiye shi wuri mai sanyi kusa da randa, tsinin yana ƙasa. Ku san kuma gidan da ƙwan ya fito. A watan Fabrairu na 2006 a Magarya aka fara tabbatar da murar tsuntsaye a Nijar, kuma ƙwai da kiret da keji duk suna iya ɗauko cuta daga wannan kasuwa zuwa waccan.

A rana ta 7, da dare, ku haska kowane ƙwai da tocila ta faffaɗan kai. Mai rai za ku ga jajayen jijiyoyi sun bazu a ciki. Wanda ya fito garau babu ɗa, a cire. Ƙwanson zabi yana da kauri, a jira har rana ta 10. A sake haskawa ranar da za a daina juyi. Daga nan a rufe akwati, a ƙara ruwa, a yi haƙuri. Buɗewa don leƙe tana fitar da laima, fatar cikin ƙwai ta bushe ta ɗaure tsako.

*Misali na 3.* An sa ƙwan kaza 60 ranar 3 ga Yuli. Ana fara ƙirga daga washegari, don haka rana ta 18 ita ce 21 ga Yuli, ƙyanƙyasa kuma 24 ga Yuli. Da aka haska, 12 ba su da ɗa, saura 48. Tsaki 36 suka fito. Masu ɗa: 48 ÷ 60 = kashi 80. Aikin inji: 36 ÷ 48 = kashi 75. Lambar farko ta garke ce da ajiyar ƙwai, ta biyun ita ce ta inji da mai kula da shi. Idan ta farkon ce ta faɗi, babu amfanin kwance waya, zakara za a duba.

Tsaki su bushe a ciki kafin a fitar da su. Ragowar gwaiduwar da ke cikinsu tana riƙe su yinin farko. A satin farko suna bukatar ɗumi na digiri 33 zuwa 35, domin babu uwar da za su shiga ƙarƙashinta, ƴan zabi kuwa sanyi da jiƙa ke fi kashe su. Ku tuntuɓi ma'aikacin lafiyar dabbobi kan rigakafin cutar Niyukasil, sannan ku wanke akwatin ya sha rana kafin zubi na gaba.

Tambayoyin bita

1. Faɗi ayyuka huɗu na kaza mai kwanci, da abin da ke yin kowane a cikin inji.
2. Me zai faru idan aka bar P0 a kan C?
3. Me ya sa ba a bi da wutar fanka ta rele?
4. Allo yana nuna 37.7, ma'aunin asibiti yana nuna 37.2. Nawa za a gyara, kuma ƙari ne ko ragi?
5. An sa ƙwan zabi ranar 10 ga Agusta. Yaushe za a daina juyi? Yaushe za a sa ƙwan kaza idan ana so su fito tare?
6. Injinku yana cin wat 30 a tsakaice. Batir mai 100Ah zai kai ku awa 14 ba tare da an ci fiye da rabinsa ba? Nuna lissafi.
7. An sa ƙwai 50, 40 suna da ɗa, 18 suka fito a rana ta 23. Ina kuke zargi?
8. Ku tattauna a aji: a gidanku, wane ɗaki ne ya fi dacewa da inji a watan Mayu, kuma me ya sa?